Fahita da Fahimta

Ranar da Zakiya ta fara shiga ɗan gidan abincin Meziko da ke unguwar Madain Fahd a Jidda, yayarta Fatu ce ta ja ta, ita ba ta ma so zuwa ba. Suna zama a ɓangaren iyali ta ɗaga takardar abinci ta juya, ta ce, "Yaya, wannan sunayen magani ne ko na abinci?"

Saurayin da ya zo ɗaukar oda ya ƙunshe dariya. "Ki ci fahita," ya ce da wata Hausa mai ɗingishi. "Kaza da albasa da tattasai, a naɗe cikin gurasa. Wallahi daɗi marra."

Ta ɗago ta dube shi, shi ma ya dube ta. Shi ke nan fa! Har aka kawo abincin yana ƙauri a faranti na ƙarfe, Zakiya ba ta san me take taunawa ba.

Sunansa Abdulghani, haihuwar Jidda. Yana jin Hausa, amma in ya buɗe baki sai ta watse masa, ta cakuɗe da Larabci. Ita kuwa shekararta uku da zuwa daga Damagaram. Kafin wata ya ƙare, ta hannun Fatu, saƙonni sun fara kai da kawowa.

"Ya galbi, yau ban ga ki ba, zuciyata yana ciwo."

"Bagwarena, zuciya TANA ciwo ake cewa. Tawa ma haka."

"Halas, tana. Ki gyara ni har abada."

Da magana ta kai ga mahaifinta, Alhaji Maman Lawali mai shagon atamfa a Hindawiyya, sai ya haɗe rai. 'Ya'yansa maza biyu da suka tashi a Jidda, in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, abin kuwa yana ci masa rai ƙwarai.

"Ba zan yi miki dole ba, Zakiya," ya ce. "Amma jikokina ma su tashi ba sa jin maganata? Ga Musbahu ɗan aminina, Hausa a bakinsa tar. Wancan ba da yawuna ba."

Zakiya ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ta san ba za ta taɓa aure ba da albarkar Baba ba. Fatu ta yi ta roƙo, da ƙyar tsohon ya yarda ya kira yaron a waya.

"Bon," ya ce da ɗan Faransancinsa na mutanen Nijar, "ka zo Alhamis bayan la'asar. Ina son mu samu fahimta."

Wayyo Abdulghani! Murna ta toshe masa kunne. Ya tura wa Zakiya: "Habibti, Baba yana so abincinmu! Ki bar komai a hannuna." Ita ba ta gane ba, ta amsa da fatan alheri kawai.

Ranar Alhamis Alhaji na zaune a falo da aminansa, Musbahu na gefe cikin farar shadda. Sai ga Abdulghani da manyan tire biyu, gumi na zuba.

"Mene ne wannan?" Alhaji ya tambaya.

"Baba, kai ka ce kana so fahita. Ga na kaza, ga na nama."

Sai dariya ta ɓarke a falon. Wani tsoho har da riƙe ciki. Bayan labule Zakiya ta toshe baki, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Musbahu ya share ƙwalla ya fara yi wa Abdulghani bayani da Larabci, a hankali kamar mai koya wa ɗan yaye.

"A'a," Abdulghani ya katse shi. "Ka faɗa mini da Hausa."

Aka faɗa masa. Ya ajiye tiren, ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Baba, na yi kuskure. Gobe ma zan yi wani. Babana ya rasu ina ƙarami, babu wanda ya gyara mini. Ina son Zakiya. In ka ba ni ita, kullum zan zo shago ka gyara bakina, don yaranmu su ji maganarka."

Babu wanda ya ƙara dariya. Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Shekara ashirin yana jiran ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya faɗi haka.

Ya miƙa hannu ya ɗauki naɗi guda ya gutsira. Yaji ya sa shi tari.

"Tashi ka zauna kusa da ni," ya ce. "Kuma 'kana so' ka ce ɗazu. Kana son fahita ake cewa. Maimaita."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Liman ya yi tambaya da Larabci kamar yadda ya saba, aka zuba wa ango ido.

"Na karɓa," Abdulghani ya ce da ƙarfi, tsaf, babu gargada.

Alhaji Maman Lawali ya ja bakin rawaninsa ya goge ido, ya kamo hannun surukinsa ya riƙe gam.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Allah ya ba ni tsawon ran da zan yi hira da 'ya'yanku."