Tabon Bayan Shatu

Ranar kasuwar Roni, a damunar 1975, aka kawo wa Saje Mamuda wata mai tallan nono, jini na zuba daga goshinta. Sunanta Shatu, kuma ta ce kwanan baya ta je asibiti. 'Yan kasuwa ne suka jefe ta, wai kuturwa ce tana sayar musu da abin sha.

"Wa ya san kin je asibiti?" Saje ya tambaye ta.

"Ko mijina bai sani ba, ranka ya daɗe. Tabo ne a bayana. Likita ya kankare, ya ce in dawo. Da na koma aka ce ƙyasfi ne."

Waɗanda suka yi jifan ba su yi wuyar kamawa ba. Kowa ya ce ji ya yi. Saje ya hau kekensa ya nufi asibitin.

Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, ba shi da wanda zai yi wa gulma. Saura mutum uku.

Lauwali mai ba da kati ya ce, "Ban taɓa shiga ɗakin likita ba. Da aka gama duba ta zuwa na biyu aka ce min ƙyasfi."

Nas Hafsatu ta ce, "Zuwan farko likita ya yi zargin kuturta. Zuwa na biyu ya ce ba ita ba ce. Ni na yi mata albishir."

"Wa ya yi tafinta?"

"Na farko Malam Daudu. Na biyu ni, ya tafi suna Gwiwa."

Saje ya sa aka kira Daudu.

"Malam Daudu, me ke damun Shatu?"

"Ai Saje, sirrin majinyaci ne. An rantsar da mu."

"Madalla. Ta warke?"

"Wannan cutar ana warkewa ne?"

Saje ya dube shi. "Ƙyasfi ne."

Sannan Saje ya ci gaba:

"Lauwali da Hafsatu sun san ƙarshen maganar. Kai kaɗai ka ji farkonta ba ka ji ƙarshenta ba, kuma farkon ne ya shiga kasuwa. Na tambaya: wa ya gaje masu sayen nonon Shatu? Ƙanwarka Tasalla."

"A gida kawai na faɗa," Daudu ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Don a kiyaye."

Asibiti ya kore shi. Alƙali ya ci masu jifa tara, amma Daudu gargaɗi kawai aka yi masa, tunda bai ɗaga dutse ba.

Saje ya je rugar su Shatu da kansa ya faɗa mata. Ya tarar an ware mata kwanon cin abinci, an hana ta tatsa.

"An gano shi," ya ce. "Kuma likita ya tabbatar lafiyarki ƙalau."

"Na sani tun tuni, ranka ya daɗe," in ji Shatu. "Su ne ba su sani ba. Kai za ka bi su gida-gida?"