Soson da Inna Ta Wanke

Sati biyar cur akwatin gilashin nan yana zaune a kusurwar falo, cike da ruwa, injinsa yana ta guna-guni, amma babu ko kifi ɗaya a ciki. Mijinta ne ya haɗa mata shi da hannunsa, don yankan gilashi ce sana'arsa. Ita kuwa Nas, kamar yadda kowa yake kiranta har shi kansa, tun kafin aure take mutuwar son kifin diskas, mai faɗi kamar ƙaramin faranti.

To shi diskas sarkin tsirfa ne. Yana son ruwa mai ɗumi, kuma ba a jefa shi a sabon tanki. Sai an bar inji yana juya ruwa sati shida, har wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi gida a cikin soson da yake tace ruwan. Su ne suke cinye dattin da zai kashe kifi. Soson kan rine ya yi launin ƙasa, kuma a haka ake son sa.

Inna, mahaifiyar mijin, ta zo jinyar gwiwa ta tarar da wannan abin al'ajabi.

"Ni dai na ga ana kiwon kaji, na ga ana kiwon awaki," in ji ta, "amma kiwon ruwa sai a gidan nan!"

Nas takan yi dariya kawai ta wuce, ba ta taɓa tsayawa ta yi mata bayani ba.

Ranar Alhamis, saura 'yan kwanaki a kawo kifi, Nas ta dawo daga duti a asibiti a gajiye. Inna ta tarye ta da fara'a har kunne, tana nuna mata taga. Ga soso can a shanye, fari tas, yana ƙamshin sabulu.

"Innalillahi! Inna, me kika yi? Kin kashe mana komai! Wa ya sa ki?"

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama bakinta. Fara'ar Inna ta ɗauke ɗif. Ta dafa bango, ta ɗingisa zuwa ɗakinta, ta ja ƙofa.

Kafin la'asar sai ga Yaya Babba, yayar mijin, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Mijin ma an kira shi daga shago.

"A kan kifi za a yi wa uwarmu tsawa? Kifin ma da babu shi!" Ta juya ga ƙanenta. "Kai nake saurare. Ko akwatin nan ya bar gidan, ko in tafi da uwata yanzu-yanzu!"

"Yaya, ki yi haƙuri, ba ta—"

"Zaɓi!"

Ya dubi Nas, ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Ya ɗauko tiyo da bokiti zai kwashe ruwan. Nas ta tsaya tana kallonsa. Tausayinsa ya kama ta har cikin rai. Ta san idan Inna ta bar gidan nan da hawaye, mutumin nan ba zai sake yin dariya da zuciya ɗaya ba, ko da kifi ɗari ne a falo.

"Dakata, don Allah," ta ce da shi a hankali. Ta shiga ɗakin Inna, ta durƙusa.

Inna tana bakin gado, jaka a ɗaure a gefe. Yatsunta duk sun yamutse don daɗewa cikin ruwa.

"Kullum ina ganinki kina dawowa ƙafa a kumbure," Inna ta ce. "Na ce ina zaune ina cin abincinki a banza, bari in rage miki aiki. Awa guda ina dirzar abin nan a tsaye."

Nas ta fashe da kuka, ta kifa kai a cinyarta.

"Ki yafe mini, Inna. Laifina ne. Kullum kina tambaya ina dariya, ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki ba. Wallahi a zubar da ruwan, a kyautar da akwatin, ke dai kada ki tafi."

Inna ta ɗora hannu a kanta.

"To faɗa mini yanzu. Me na ɓata?"

Nas ta share hawaye, ta yi mata bayani dalla-dalla. Inna ta riƙe baki.

"Ashe gidan bayin Allah na rushe! Yanzu sati nawa kuma?"

"Shida, Inna. Daga farko."

"Likita ya ce saura mini huɗu. To zan ƙara biyu." Ta ɗaga murya. "Kai, yaron nan! Ajiye bokitin nan!"

Yaya Babba ta tafi tana cika tana batsewa. Aka sayi sabon soso, aka sake ruwa, Inna ta zama mai gadi. Kowace safiya sai ta sa tabarau ta duba ma'aunin zafi, ta ɗiga maganin gwaji a 'yar kwalba, ta buga wa Nas waya a wurin aiki: "Yau ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa, mun kusa ko?" Maigidan kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon su biyun, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Da sati shida ya cika aka kawo diskas shida, jajaye da shuɗɗa. Suka laɓe bayan wani itace da aka sa a tankin kwana biyu don kunya, a na uku suka fito suna shawagi. Ranar ce Yaya Babba ta zo da mota ɗaukar Inna.

"Inna, kin warke, ki tashi mu tafi gida."

Inna ba ta ko ɗauke ido daga gilashin ba. Ta laluba ta kamo hannun Nas ta riƙe gam.

"Je ki abinki, Allah ya yi miki albarka. Nan ma gida ne."

Nas ta sunkuyar da kai, hawayen daɗi suna zuba. Ran nan ta gane cewa zama da iyayen miji haƙuri yake so da bayani, kuma wanda ya durƙusa a kan lokaci bai faɗi ba.