Zoben Roba

"Cire shi."

Na dubi yatsana, na dubi mutumin da ake shirin ɗaura mana aure. A ƙofar ɗakin gwajinmu ya tare ni, ko sallama babu.

"Yaya, lafiya?"

Ya miƙo min waya. Hotona ne, Dogo abokin aikina yana zura min zobe.

"'Yar baffanka ce ta turo, ko? Har yanzu ba ta haƙura da kai ba?"

"Hajiyarmu ta gani. Ta ce dama mace a irin wannan aiki..."

"Roba ce fa! Duk mai taɓa abin da ke fitar da tururin nukiliya sai ya saka, don a auna abin da ya shiga hannunsa."

"Hmm."

"Sau nawa zan gaya maka aikina? Cibiyar ƙwayar zarra nake bincike. Ana zaton dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, ni kuma ina zargin wannan ta miƙe kamar ƙwai. Zuga ta muke yi, ta hau juyi, in za ta huce ta saki haske. A hasken muke gane siffarta. Kuma yau kaɗai aka ba mu injin zugar!"

"Ke da Dogo."

Na ja hannun rigarsa har gaban gilashi. A ciki ga tire cike da zobba, kowa da nasa a yatsa.

"Ga abokan takararka nan. Har da Farfesa da furfurarsa."

Ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta saki.

"Yi haƙuri, Gimbiyata..."

Wallahi har zuciyata ta yi sanyi. Na buɗe baki zan ce ya wuce.

"Amma me ya sa shi ya saka miki?"

"Ina riƙe da kayan awo."

"Da hannu biyu?"

Kafin in amsa ya ƙara.

"Kuma a hoton dariya kike yi."

Na dube shi sosai. Na ga gobe, na ga jibi, na ga ranar da zan dawo gida a makare da goyo a bayana.

"Ka gaya wa Hajiya a fasa."

"Gimbiya! Tambaya fa kawai na yi!"

Ƙararrawar kunna inji ta kaɗa. Na shiga.

Kafin ƙofar ta rufe na waiwaya, ko zai kira ni.

Ba ni yake kallo ba. Ya manna fuska a gilashi, Dogo yake nema.