Tsuntsayen Dada

"Wallahi yau ɗin nan za a mayar musu da goronsu!"

Muryar Hamma Saleh ce ta cika gidan. Rauda ta yar da tsintsiya ta fito a guje, ta tarar da yayan nata riƙe da kamara, Suhail kuma, mai neman aurenta, na tsaye a bakin zaure, wuyan rigarsa a yage. Sati uku kacal da kawo kayan gaisuwarsa.

"Hamma, me ya yi?"

"Tambaye shi! A bayan katanga na kama shi, ya taka bulo yana ɗaukar cikin gidanmu hoto. Inda mata ke wanki! Mai hoton biki ne fa, gobe sai mu ga matata a wayoyin mutanen Abbare."

Rauda ta san ita ce silar komai.

Tun rasuwar Dada, mahaifiyarsu, idon mahaifinsu, Baffa Hammanjoda, ya ƙara rauni. Kullum da safe zai zauna a kan buzunsa ya fuskanci bishiyar lemo, inda marigayiyar ke watsa wa tsuntsaye tsaki, ya ce, "Rauda, baƙin Dadarku sun zo?" Takan ce sun zo. Idan ya ce waɗanne, sai ta yi tsuru-tsuru. Ita dai duk ƙananan tsuntsaye ne, a ce ja, a ce shuɗi. Ta gwada ɗaukarsu hoto da wayarta, ba abin da ya fito sai ganye. Shi ne ta yi wa Suhail ƙorafi a wajen zance.

Shi kuwa bawan Allah, kunyar surukai ba za ta bar shi ya shigo cikin gida ba. Wai a dabararsa hawa katanga ya fi sauƙi!

"Hayaniyar me nake ji?" Baffa ne ya fito yana dogara sanda.

Saleh ya zayyana masa komai, har da ƙari. Suhail ya durƙusa, kai a ƙasa. Rauda ta dube shi, tausayinsa ya kama ta. Ba ta taɓa ambaton sunansa a gaban Baffa ba, ɗiyar Fulani ba ta yin haka. Amma in ta yi shiru yau, shi ke nan ta rasa shi.

"Baffa..." in ji ta. "Ni ce. Ni na ce masa kana tambayar tsuntsayen Dada."

"Ke! Ba ki da kunya?" Saleh ya daka mata tsawa.

Baffa ya ɗaga hannu. "Kawo abin in gani."

Suhail ya matso a durƙushe, ya karɓi kamarar daga hannun Saleh, ya kunna ta, ya ƙara girman hoton har tsuntsun ya cika gilashin. Baffa ya kai shi dab da idonsa.

"Wannan tsuntsuwar baiwar Allah ce," ya ce a hankali. "Ga jan nata. Wannan har ɗaki take bin Dadarku. Wuce."

"Wannan fa, Baffa?"

"Gwara ne, ɓarawon tsaki. Wuce."

Hoto ya fi arba'in, babu ko gefen zanin mace. Saleh ya fara sosa ƙeya.

"Waɗannan biyun ne suka ruɗa ni," in ji Suhail, ya ɗan samu baki. "Duka shuɗi ne, amma ɗaya yana da ja a kumatu. Na duba a waya, na ɗauka iri biyu ne."

Baffa ya yi dariya, dariyar da Rauda ba ta ji ba tun ranar jana'iza. "Kai yaro, wayarka ba ta san komai ba! Asisi ne duka. Mai jan kumatu namiji, ɗayan matarsa. Tare suke sauka, tare suke tashi. Dadarku takan ce ga ni ga ta nan."

"Na jiya ne wannan," Suhail ya ce, ya wuce zuwa na gaba. "Ga na yau."

Mai jan kumatun ne shi kaɗai a bakin kaskon ruwa.

"Ina macen?" Baffa ya tambaya.

"Na jira ta, Baffa... ba ta zo ba. Ita nake jira Hamma ya same ni."

Hawaye suka gangaro cikin farin gemun tsohon. Rauda ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Wata takwas suna lallaɓa shi ya yi kukan matarsa, sai yau.

Da ya natsu ya share fuska da hannun riga, ya miƙa wa Saleh kamarar.

"Saleh, ba shi kamararsa. Ka kuma nemo masa riga."

"To, Baffa."

"Kai kuma Suhail, hawa katangar mutane ba hali ba ne, ka ji ko?"

"Na tuba, Baffa."

"Ƙila tana kan ƙwai ne, lokacinsu ne. Gobe ka zo da sassafe mu jira ta tare." Ya juya zai shiga, sai ya tsaya. "Ta ƙofa za ka shigo, ɗana."