Waƙa Ta Tara

"Riƙe zobenka."

Na ajiye shi a kan teburin bayar da littattafai, kusa da hatimin kwanan wata, na gyara gilashina don kada ya ga idona.

Dogo bai taɓa zoben ba. Kujerar yara ya jawo ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji.

"'Yar gilashi... me na yi?"

"A hankali, laburare ne nan."

"To, a hankali me na yi?"

Shekara biyu ke nan da ya fara zuwa aron littafin da ba ya karantawa. Mawaƙi ne, abin da ya sa Abba ya sallame shi bara tun daga ƙofar falo. Umma ta yi wata bakwai tana lallashi kafin Abba ya yarda kawunnansa su zo ranar Asabar. Ni kuwa da safen nan na ce wa Abba ya fasa karɓarsu.

"Na ji sabon kundin waƙoƙinka," na ce.

Fuskarsa ta washe. "Duka taran?"

"Ta tara."

"Sai kuma?"

"Ita kaɗai. Ta ishe ni ai! Mutum na tafiya, ƙofa na rufewa, yana cewa a yafe masa ba zai waiwayo ba... Mai yi maka amshi ta zo har nan jiya. Ta ce ta tara tawa ce, in saurara in san matsayina."

Ya shafa fuskarsa.

"Ba ta yi ƙarya ba, taki ce. Duka naki ne, shi ne abin da ya tsaya mata a rai. Ranar da Abba ya kore ni na rubuta ta tara, a cikin mota, ban ma tayar da ita ba."

"To me ya sa ka sa ta ƙarshe?"

"Saboda ke mana! Sau nawa na gan ki kin ɗauki sabon littafi kin buɗe shafin ƙarshe tukuna? Sai na jera su a juye. Na ce 'yar gilashina daga baya za ta faro, ta tara, ta takwas, har ta iso ta ɗaya."

Na sunkuyar da kai.

"Ba haka nake yi ba..." na ce ƙasa-ƙasa. "Dubawa nake. In ƙarshen na kuka ne, sai in mayar da shi kanta."

"Ba kya karantawa?"

Na girgiza kai.

"Innalillahi! Shekara guda ina aiki a kan rabin halinki."

Wata tsohuwa mai duba jarida ta ɗago ta harare mu. Muka nutsu kamar 'yan aji ɗaya.

Ya zaro wayarsa, ya miƙo min abin sauraro na kunne guda, ya riƙe guda.

"Ta takwas fushi ce, na ji haushin kowa har da ke. Ta shida kewa. Ta huɗu ranar da Umma ta kira ni ta ce in yi haƙuri. Amma ba mu da lokaci, ga ta ɗaya."

Babu ganga, babu jita. Wani sauti ne kawai: tak... tak-tak. Tak... tak-tak.

Na kalli hatimina. Tawadarsa ba ta kamawa, kullum sai na buga sau ɗaya, na ƙara biyu.

"Yaushe ka ɗauki wannan?"

"Kin zaci don littattafan nake zuwa?"

Sai muryarsa ta shigo, a sanyaye, tana roƙon a ba shi aron da babu ranar mayarwa.

Na cire gilashin gaba ɗaya, hawaye sun sa ya daina amfani.

"Masoyiya... Asabar ɗin fa?"

Na ɗauki wayata, na kira Abba. Sau biyu ta yi ƙara.

"Abba, ina wuni... Maganar ɗazu ce. Don Allah a bar ta yadda take."

Abba ya ja numfashi mai tsawo.

"Na san za a yi haka, ni ban kira kowa ba. Wannan karon kin karanta har ƙarshe?"

Na dubi Dogo, yana tura min zoben da ɗan yatsa a kan tebur.

"Har farko, Abba."