Magen Da Aka Yi Jingina Da Ita

Ka taɓa riƙe wa abokin aikinka gida, ka ciyar da dabbarsa daga aljihunka, ya dawo ya sallame ka da "Allah ya saka"? In ka taɓa, ka san abin da ya tokare ƙirjin Yahaya a yammacin da aka fara jifa a gidansa.

Yahaya da Lukman ma'aikatan lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Anka. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara a ƙauyukan masu daka dutsen zinari, aka tura Lukman ƙauyen Abare. Matarsa kuwa ta tafi Gummi haihuwa. Sai ya miƙa wa Yahaya makullin gidansa, ya nuna masa wata farar mage mai tsabar gata, wadda ba ta kallon tuwo, sai busasshen kifi da madara. Ya ce, "Ga amana nan, abokina. Ka riƙa kwana gidan, ka kula min da ita. Ba za ka yi kuka da ni ba."

Damina guda Yahaya yana barin iyalinsa yana kwana a gidan wani. Albashi ya makara, shi kuwa kifin mage bai taɓa makara ba. Da Lukman ya dawo, ya tsaya jin yadda ba zai yi kuka ba, sai aka ba shi ledar dabino.

"Kuɗin mi?" in ji Lukman, a gaban sauran ma'aikata. "Ka kwana kan katifata, ka sha iskar fankata, buhun shinkafar da na bari ka kai shi ƙasa. Ni ya kamata in bi ka."

Aka yi dariya. Yahaya bai yi ba. Kafin ya mayar da makulli sai ya sa magen a kwali, ya ɗaura a bayan babur, ya kawo ta gidansa. Akwai wani tsohon ɗaki a can ƙuryar gidan, tun zamanin mai gidan na farko ba a kwana a cikinsa, ba taga, sai ƙaiƙayi da fasassun tukwane. Nan ya jefa ta, ya danna kwado. Ya aika wa Lukman saƙo cewa magensa tana jingina, ranar da ya biya ya zo ya ɗauka. Lukman ya amsa da cewa in ya ga dama ya dafa ta ya cinye.

Hure, matar Yahaya, ta ce, "Baban Kausar, mi dabba ta sani ga kuɗi?"

Ya ce mata ta kula da tukunyarta.

Magen ta yi ta kuka, sannan kukan ya dushe. A wannan yammacin Hure tana kwashe tuwo, rana ta faɗi, kaji sun hau makwancinsu, liman bai kai ga tayar da sallah ba. Dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo shi, ya fasa randa. Yahaya ya fita da sanda ya zagaya katanga, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo ya ɗauki dutse ɗaya, sai ya ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga murhu.

Ya ce aikin Lukman ne. Washegari a wurin aiki suka yi cacar baki har mai kula da asibitin ya raba musu lokacin aiki. Amma jifan bai tsaya ba. Kullum almuru sai ya zo, kuma Hure ta lura duwatsun ba daga waje suke shigowa ba. Daga ƙuryar gida suke tasowa. Daga baya aka fara jin murya a bayan ƙofar nan mai kwado, ƙasa-ƙasa, kamar mace tana lallashin yara masu tsoro.

Hure ta roƙe shi ya buɗe. Ya ce in ya buɗe Lukman ya ci bulus ke nan, kuma duk asibiti za su ji.

'Yarsu Kausar ba ta wuce shekara tara ba. Ita ce take zamewa idan an idar da magariba, ta tura ɗan kifi ko ɓawon tuwo ta ƙarƙashin ƙofar. Ranar Laraba aka neme ta a wurin cin abinci ba a gani ba. Aka same ta zaune a bakin ɗakin, ta jingina bayanta da ƙyauren, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa. Yahaya ya kama hannunta ya ja. Yarinyar da yake ɗauka da hannu ɗaya, sai ya ji kamar yana jan turmi da aka binne.

Ya gwada abin da ya sani. Jikinta ba zafi, bugun zuciyarta daidai. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta amsa sunanta. Hure ta zauna a gefenta tana kuka marar sauti.

Wani maƙwabci ya hau babur ya ɗauko Modibbo daga wajen Bukkuyum, tsohon malami siriri mai yin ruƙiyya. Ya iso da la'asar sakaliya. Ya shimfiɗa buzunsa, ya nemi ruwa a ƙwarya, ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Da karatun ya yi nisa, sai bakin yarinyar ya motsa, wata murya ta tsohuwar mace ta fito, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin ga. Tun ba a haifi wanga mutum ba nike ciki da ɗiyana. Ban taɓa taɓa ko cokalinsu ba."

"To mi yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba. Ita kaɗai ce mai tausayi a gidan. Ubanta ya jefo muna dabba mai ganinmu. Idonta na kanmu dare da rana, ɗiyana ba su barci, ga kukan yunwa. Na yi jifa, bai ji ba. Na yi magana, bai ji ba." Kan yarinyar ya juyo sannu a hankali wajen Yahaya. "Da kunnena na ji ka kira ta jingina. Amana anka ba ka, ka mayar da ita jingina. Sai na ce ashe haka a kan yi. Ni ma na riƙe taka."

Yahaya ya durƙusa. Duk da haka abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Malam, ai Lukman... ni nake bin sa kuɗi. Hure ma ta sani."

Hure ta ɗago ta dube shi. Bai ƙarasa ba.

Modibbo ya ce wa muryar, "Zalunci bai halatta miki zalunci ba. Ki fita."

"Ya buɗe da hannunsa, ya mayar da ita ga mai ita kafin isha'i. Kuma a bar min ɗakina."

"Buɗewa zai buɗe. Ɗaki kuwa ba za ki zauna da mutanen da kika taɓa wa ɗiya ba. Daji yana da faɗi."

Aka ja, ta yi ƙorafi, ya koma karatu, ta yi ƙara ta ce ta yarda. Ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Yahaya ya lalubo makulli, ya buɗe kwadon. Magen ta fito tana tangaɗi, farin gashinta ya koma ruwan ƙasa, haƙarƙarinta a waje. Ɗan yatsan ƙafar Kausar ya karkaɗa, ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Inna, an ba ta ruwa?"

Yahaya ya kai magen da kansa. Lukman ya karɓe ta a ƙofar gida, ya shafa ƙasusuwanta, ya ce yanzu kuma sai a yi maganar kuɗin maganinta. Yahaya ya tuna nauyin hannun 'yarsa, ya juya. Ya hau babur ya koma gida, bai karɓi ko sisi ba, ga randa da zai saya, ga sadakar Modibbo. Har aka raba su da wurin aiki ba su sake gaisawa ba.

Kai mai karatu, in za ka bar wa wani gidanka ko dabbarka, ku yanke lada a gaban shaida tun makulli yana hannunka. In kuwa yanzu haka akwai wani mai rai da ka kulle saboda fushin da kake yi da mai shi, ajiye wannan takarda, ka je ka buɗe masa kafin rana ta faɗi.