Sharhin Ranar Asabar

Ƙarfe takwas na safiyar Juma'a Techera mai gyaran fiyano ya buɗe murfin babban fiyanon gidan kallo na garin Salto, ya danna maɓalli ɗaya, ya ji wani sauti kamar an jefa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Ya danna na biyu, ya ƙi dawowa. Da ya leƙa ciki sai ya ɗora hannu a ka.

Kafin tara Sufeton 'yan sanda Elbio Curbelo ya iso, filas ɗin ruwan zafi a hammata, ƙoƙon shan mate, shayin ganyen ƙasar, a hannu, kamar kowane ɗan garin.

"Ruwa ne, Sufeto," in ji Techera. "Ruwan zafi. An zare allon da ake jingina takardar kiɗa, an tsiyaya ta tsakanin wayoyi, daidai kan 'yan gudumar da ke bugun wayoyin. Ka ga ulun da ke kansu? Duk ya kumbura."

"Ba ya bushewa?"

"Ya bushe ya zama me? Sai an yo odar sababbi daga Jamus. In an yi sa'a wata huɗu."

"Wani fiyanon fa?"

Techera ya yi masa kallon tausayi. "Irin wannan? Shi kaɗai ne a garin nan."

Curbelo ya san abin da hakan ke nufi, gari duka ya sani. A daren nan ne Doña Zulma Barreneche za ta hau dandamali ta buga fiyano bayan shekara talatin da ɗaya rabonta da shi, kuma motar gidan rediyo ta taso tun daga Montevideo, babban birnin ƙasar, don ta naɗi wasan a faifai. Washegari motar za ta koma. Doña Zulma kuwa shekararta sittin da takwas, sanyin ƙashi ya fara lanƙwasa mata yatsu, likita ya ce ba ta da wani hunturun bayan wannan. Wata huɗu a wajenta daidai yake da har abada.

Ya zagaya fiyanon. An mayar da allon mazauninsa tsaf. An shimfiɗa jan ƙyallen nan a kan maɓallan, an naɗe kusurwarsa ta dama.

"Kai ka shimfiɗa wannan?"

"Haka na tarar."

"Jiya ina kake?"

"Na daidaita shi ƙarfe biyu, Malama ta zo gwaji ƙarfe uku, ni kuma na hau motar huɗu zuwa Paysandú, gyaran fiyanon wata makaranta. Can na kwana." Ya zaro tikiti ya miƙa. "Shekara ashirin ina rainon abin nan, Sufeto. Ka tuhume ni da kashe matata, sai in fi gane maka."

Curbelo ya sa aka buga waya Paysandú. Gaskiya ne. Ya soke sunan Techera.

Doña Pocha mai shara tana zaune bakin matakala tana fifita da kwali.

"Wa ya shigo jiya?"

"Ni na sani? Ƙofar gefe a buɗe take har bakwai, ina can gaba ina goge-goge. Ido biyu gare ni, ba goma ba."

"Kin ga wani da filas?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai me ke hammatarka? Kama kanka mana, mu huta."

"Kin ji gwajin?"

Dariyar ta ɗauke. "Na ji ta bango. Sai da na ajiye tsintsiya. Ni ban san kan irin kiɗan nan ba, amma tun da nake sharar gidan nan ban taɓa tsayawa don wani ba." Ta ajiye kwalin. "Abu ɗaya dai. Na share zauren jiya da safe, ƙal. Yau na tarar da ganyen mate an zubar a ƙarƙashin kujera, layi na bakwai, ta bakin hanya. Ƙazamai."

Curbelo ya rubuta. Babu wanda ya taɓa shiga gidan nan da bai san kujerar wa ke nan ba.

Ƙarfe goma Doña Zulma ta shigo cikin baƙar riga, ba ta gaishe da kowa ba. Ta tsaya gaban fiyanon. Curbelo ya ji ya koma ɗan shekara tara, lokacin da uwarsa ke jan kunnensa zuwa gidan matar nan koyon kiɗa. Wata shida ya yi, ta ce wa uwar ta saya masa ƙwallo.

"Malama, dole in tambaye ki."

"Tambaya, Elbito. Ka girma."

"Ƙarfe nawa kika bar nan?"

"Biyar. Tasi ya kai ni gida. Biyar da rabi matar mai kantin magani ta zo darasinta, har bakwai tana azabtar da ni. Tambaye ta."

"Mutane za su ce tsoro kika ji."

"Mutane sun faɗi abin da ya fi haka. Kai ma ka faɗa."

Ya sunkuyar da kai, don ya faɗa ɗin. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ta fitar da faifanta na farko, ta yi wasa a zauren nan, washegari Don Ovidio Pereda mai sharhin kiɗa ya rubuta a jaridar gari cewa matar hannun katako gare ta, tana dukan fiyano kamar mai sare nama. Jaridun Montevideo suka kwafa. Faifan ya yi kwantai. Sunan ya manne mata, har yaran da take koyarwa suna kiranta Hannun Katako a bayan idonta, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa jin ta yi wasa na gaske. An karanta a jarida, shi ke nan, magana ta ƙare.

Sai idonta ya faɗa kan jan ƙyallen. Ta daɗe tana kallon naɗaɗɗiyar kusurwar.

"Wa ya yi wannan?"

"Abin da nake nema ke nan."

"Malaminmu, tsoho Bellagamba, in ka tashi daga fiyano ba ka shimfiɗa ƙyalle ka naɗe kusurwar dama ba, sai ya buge maka yatsu da rula. Ni ran da aka binne shi na daina, don haushi." Ta nuna kusurwar. "Mu biyu muka rage a duniya cikin ɗalibansa."

"Ke da wa?"

"Ka san shi. Ka haddace rubutunsa."

Biri ya yi kama da mutum, amma kusurwar ƙyalle da ganyen mate ba za su tsaya gaban alƙali ba. Don Ovidio ba ƙaramin mutum ba ne. Curbelo ya tabbatar da maganar matar mai kantin magani, sannan ya nufi ofishin jarida, ya wuce edita, ya gangara ƙasa wajen injin, inda Almada mai jera haruffa ke cin burodi da tsiran alade a kan tarin takardu.

"Almada, ƙarfe nawa kuke rufe shafi?"

"Takwas na yamma."

"Wasa kuma tara ake farawa. To yaya sharhin Don Ovidio ke fitowa washegari da safe?"

Almada ya daina tauna. Ya dubi matakala, ya dubi Curbelo, sai ya yi murmushi. "Haba Sufeto, sai yau ka yi wannan lissafin? Tun kafin wasa yake kawowa. Kwana biyu kafin. Ya ce wanda ya san mai kiɗa ba ya buƙatar jin kiɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun ina ɗaukar wa babana tawada."

Curbelo ya yi lissafi. Ashe har sharhin wancan karon ma, na Hannun Katako, kafin wasa aka rubuta shi.

"Na Doña Zulma fa?"

"Ya kawo Laraba. Na jera, na buga gwaji." Ya jawo wata doguwar takarda daga ƙusa. Curbelo ya karanta. Katako ya tsufa, in ji sharhin, yanzu har gara ta ci shi. Masu sauraro sun yi tafi don ladabi. Wasan da ba a yi ba tukuna.

"Wannan zai fito gobe?"

"A'a. Jiya ya dawo ya janye. Ya ba ni wani rubutu kan sababbin faifai daga Turai, ya ce in cike gurbin da shi."

"Ƙarfe nawa?"

"Shida da rabi. Ina tsakiyar aiki, har na yi tsaki."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Cire wancan, ba za a yi wasan ba.' Na ce ko matar ba ta da lafiya ne? Sai ya juya ya fita."

Don Ovidio yana inda yake kullum da la'asar, teburin bakin taga a shagon kofi na dandali, da hula da sanda da filas ɗinsa mai rigar fata. Tsoho ne mai tsabta, farcensa a yanke.

"Sufeto! Na ji abin takaici. Ko da yake, tsakanina da kai, fiyanon ya huta."

Curbelo ya ja kujera. "Jiya ka je gwajin?"

"Ni? Ba na zuwa gwaji. Ba na cin abinci a tukunya."

"Yaushe ka ji labarin ɓarnar?"

"Yau da hantsi, a nan, kamar kowa."

"To yaya aka yi jiya shida da rabi ka gaya wa Almada ba za a yi wasan ba?"

Cokalin da ke hannun Don Ovidio ya tsaya.

Curbelo ya shimfiɗa doguwar takardar a kan tebur. "Bari in tayar maka. Wanda ya yi aikin nan ya san yadda ake zare allo, ya san inda ruwa zai yi kisa. Mutum uku ke nan a Salto. Ɗaya yana Paysandú, ɗaya tana gida da ɗaliba. Ka zauna a kujerarka ta layi na bakwai, don ƙafarka ba ta san wata ba, ka zubar da ganye a ƙasa. Da ta fita ka hau. Ka gama, hannunka ya shimfiɗa ƙyalle ya naɗe kusurwa, bai nemi izininka ba. Sannan ka tuna akwai sharhi a injin. In ya fito ranar Asabar kan wasan da ba a yi ba, asirin shekara talatin ya tonu. Ka ruga ka janye shi awa goma sha uku kafin kowa ya buɗe fiyanon. Da kana jiran wasa ka ji kafin ka rubuta, Don Ovidio, da yanzu ina can ina tuhumar mai shara."

Tsohon ya juya ya dubi dandali.

"Na je ne in yi dariya," ya ce a hankali. "Minti biyar, in fita."

"Sai?"

"Sai ta fara." Ya cire hula ya ajiye. "Tun muna 'yan shekara goma sha biyu na san ta fi ni. Bellagamba ya faɗa a gabana. Na bar fiyano na ɗauki alƙalami. Muddin a zaure take wasa, abin da na rubuta shi ne abin da aka ji, don mutane ba su yarda da kunnensu ba. Amma faifai na rediyo, Sufeto, ƙasa duka za ta ji, a sake ji, bayan na mutu. Kowa zai ɗauko tsohuwar jarida ya gwada."

"Tashi mu je."

A ofis magatakarda ya buga bayaninsa da tafireta. Da aka zo kan dalili, Don Ovidio ya ce a bar shi ya faɗa da kansa, kada a canza masa kalma. Ya yi magana shafi biyu cur. Ya faɗi yadda hannunta na hagu ke tafiya a ƙasa ba ya gaggawa, yadda take barin sauti ya mutu da kansa kafin ta ɗora wani, yadda ya kama kansa yana kuka a layi na bakwai yana zagin uwar da ta haife shi. Ya ce a shekara hamsin na sauraro bai ji kamarsa ba, a nan ko a Buenos Aires. Ya sa hannu.

Ranar Asabar motar rediyo ta koma Montevideo. Jarida ta ba da layi huɗu a shafi na shida, cewa an ɗage wasan saboda matsalar kayan aiki, don edita ba zai tona wa gidansa asiri ba. A kasuwa kuwa Curbelo ya ji da kunnensa wata na cewa ai dama Hannun Katako ta tsorata ne. Ya so ya tsaya ya yi mata bayani, ya ga bakin nawa zai bi, ya wuce.

Ya kai wa Doña Zulma kwafin bayanin, abin da doka ba ta ba shi izini ba. Ta sa tabarau ta karanta a tsaye a bakin ƙofa. Ta koma farko ta sake karantawa.

"Ya iya rubutu," ta ce. "Kullum ya iya." Ta ɗago. "Mutum nawa za su karanta wannan, Elbito?"

"Ni, da magatakarda, da alƙali."

"Uku. Kujera ɗari shida ce a zauren."

Ta yi ƙoƙarin ninke takardar gida huɗu, yatsun suka ƙi. Curbelo ya miƙa hannu zai taya ta, ta janye. Ya tsaya yana kallo har ta ninke da kanta, a karkace, ta shiga ta rufe ƙofa.